Bizar Umara ba ta zama igama

Ƙannena da ke tara kuɗin fita waje, musamman samarinmu na Gombe masu burin Saudiyya, kafin ku miƙa wa ejan ko kwabo ku tambaye shi wace irin biza zai yi muku. Ni ban tambaya ba. Tela ne ni, ina da shagona a Jekadafari, na sayar da kekunan ɗinkina da gonar gado na ba wani mutum da ya ce in shiga da bizar Umara, in na isa yana da wanda zai mayar mini da ita igama. Babu wannan hanyar. Bizar Umara da ta ziyara izinin shiga ne na ɗan lokaci, ba a yarda ka yi aiki da su ba. Igama, wato katin zama, tana fitowa ne daga bizar aiki, ita kuwa wanda zai ɗauke ka aiki ne yake nemo ta tun kana gida, a yi maka gwajin lafiya, a buga maka ita a fasfo kafin ka hau jirgi.

Ranar da wa'adin bizata ya ƙare na zama ɗan takari, ba wanda ya gaya mini ma'anar hakan sai da na ɗanɗana. Ina ɗinki a wani ɗaki a Jidda, taga a rufe, in mota ta tsaya a ƙofa sai in ɗaga ƙafa daga kan keke in yi shiru. Ba ka da asusun banki, layin wayarka da sunan wani, kuɗin da za ka aiko wa mahaifiyarka sai ka danƙa a hannun mai tahowa ka bar wa Allah. Wanda na yi wa ɗinkin jallabiyoyi na watanni ya hana ni haƙƙina, ba ni da inda zan kai ƙara, domin duk ofishin da na nufa ni za a fara riƙewa. Wannan ya fi komai ci mini rai. Dokarsu ta tanadi tara har Riyal 50,000 da ɗauri har wata 6 ga wanda ya wuce wa'adi, sannan a koro shi. Ni ta Shumaisi na biyo, sansanin tsare waɗanda za a koro da ke tsakanin Makka da Jidda, aka ɗauki hoton yatsuna. Canza fasfo ko suna ba ya goge wannan.

Akwai kuma abin da ake kira firi biza, wai kafili, wato wanda aka rubuta a takarda cewa shi ya ɗauke ka aiki, ya sayar maka da bizar aiki ka je ka nemi na kanka, kana biyan sa wani abu. Ita ma haram ce a dokarsu. Ran da kuka saɓa sai ya rubuta maka hurub, ya ce ka gudu daga aiki, igamarka ta tashi a banza.

Idan aikin gaske ne, akwai kwantiragi a rubuce: sunan mai aiki, albashi, wurin kwana, wa zai biya tikitin dawowa. Ku nemi mai Larabci ya karanta muku shi kafin ku sa hannu, ku bar kwafinsa da na fasfo a gida. Ku nemi ganin lasisin ejan. Masu kai mutane aiki waje Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce ke ba su lasisi, masu jigilar Hajji da Umara kuma hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON. Wanda ya nuna muku takardar Umara yana muku alkawarin aiki, kun san inda ya dosa.

Ƙannena mata, naku ya fi tsanani. A 2021 Saudiyya ta sassauta tsarin kafala, wanda ke ɗaure ma'aikaci ga kafilinsa, ma'aikaci yana iya sauya wurin aiki bisa wasu sharuɗɗa, amma masu aikin gida da direbobin gida ba sa cikin wannan sassaucin. Ɗaukar 'yar aiki ta halal ta Musaned, manhajar gwamnatin Saudiyya, take bi. Kuma ba wanda doka ta ba damar ƙwace miki fasfo, ko da uwar ɗakinki ce. Idan wata hajiya ta ce za ta biya miki komai ki riƙa biyan ta daga albashi, ba takarda ba shaida, ku je da babba a gidanku ku tambayi NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, tukuna.

Masu kallon Turai da Amurka, kada wani mai shagon intanet ya karɓi kuɗinku wai zai cike muku cacar bizar Amurka; an daina sa 'yan Najeriya a ciki fiye da shekara 10. Ingila kuma tun Janairun 2024 yawancin ɗalibai ba sa iya tafiya da mata da 'ya'ya. Waɗannan dokokin suna sauyawa kullum, don haka ku karanta su da idonku a shafin ofishin jakadancin ƙasar, ko ku sa wanda ba shi da ko sisi a cikin tafiyarku ya karanta muku.