Mun sayi baƙo, mun saki ɗan gida

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa katin shiga ofis da kwamfutar aiki, bayan shekara huɗu da 'yan watanni a sashen zaɓen 'yan wasa na ƙungiyar ƙwallon Amurka ta wata jami'a a ƙasar Amurka. Ba zan kama sunanta ba. Ba ta cikin manyan da ake haskawa a talabijin kowace Asabar da daddare, ba ta kuma cikin ƙananan da ba su da ko sisi. Irin masu tsaka-tsakin nan ce da kowace dala sai an juya ta sau biyu kafin a sake ta. Karatun digiri na biyu a fannin ƙididdiga ya kawo ni, aka ɗauke ni ɗan taimako a 2021, 'yan makonni bayan 1 ga Yuli, ranar da aka halatta wa ɗalibai 'yan wasa karɓar kuɗi da sunansu da hotonsu, abin da kowa ke kira NIL. Da ni da wannan kasuwa tare muka yi wayo.

Abu ɗaya ne ya fi tsaya mini a rai, kuma shi zan fi daɗewa a kai.

Muna da wani senta, wato ɗan wasan tsakiyar layin gaba da ke miƙa ƙwallo a fara kowane bugu. Ya zo mana daga wani ƙaramin gari da taurari uku cikin biyar a ma'aunin da ake auna 'yan wasan sakandare, ba wanda ya yi rububinsa. Shekararsa ta farko a benci ya yi ta, ta biyu yana shiga yana fita, daga nan ya kama gurbin ya riƙe kaka biyu cur ba tare da ya rasa wasa ba. A watan Nuwamban 2024 ya zo teburina da kansa, ba wakili, ba lauya. 'Yan wasa duk wanda ke aiki a ginin Koci suke ce masa. Ya ce, "Koci, na ji abin da za a bai wa yaran da ke zuwa. Ni ba tafiya nake son yi ba. So nake in san matsayina a gidan nan." Ƙarin da ya nema bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da muke shirin bai wa wani yaron sakandare mai taurari huɗu ba, mai cafe ƙwallo, wanda ogana ya kwashe wata takwas yana zawarcinsa.

Na ce masa zan kai maganar sama, na kuma kai. Amma tare da ita na kai jadawalina, kuma jadawalin ne ya yanke masa hukunci. Makinsa na kowane wasa matsakaici ne. Shekara ɗaya ta rage masa. Ba wanda ke hango shi a NFL, babbar gasar ƙwararru. A layin ƙarshe, inda nake rubuta ra'ayina a taƙaice, na sa "ana iya maye gurbinsa". Da hannuna na rubuta, ba wanda ya tilasta ni.

Abin da jadawalin bai auna ba shi ne ainihin aikin senta. Kafin ya miƙa ƙwallo, shi ke duban jerin abokan hamayya ya gane daga ina farmaki zai zo, ya faɗa wa ƙattan huɗun da ke gefensa wanda kowa zai tare. Idan ya yi daidai, ba abin da ke faruwa, kuma abin da bai faru ba ba ya shiga lissafi. Kwana uku bayan na miƙa takardar farko, kocin 'yan layin gaba ya zaunar da ni muka kalli bidiyon wasanni huɗu, yana tsayarwa yana nuna mini hannun yaron da bakinsa kafin kowane bugu. Na koma na yi takarda ta biyu, na gyara ra'ayina, na lissafa abin da sentan da ya ƙware zai ci mana a kasuwa, na tura wa ogan. Amsarsa layi ɗaya ce: an riga an wuce wurin.

A nan kalanda ta yi mana illa, kuma duk wanda ya yi aikin a wannan shekarar ya san ta. Ranar sa hannun 'yan sakandare ta faɗo 4 ga Disamba, ƙofar sauya sheƙa kuma, wato lokacin da ɗan wasa ke iya neman komawa wata jami'a, aka buɗe ta 9 ga wata. Kwana biyar ne tsakani. Ke nan kafin ka zauna da 'yan gida, ka riga ka ɗaure mafi tsokar kuɗinka a kan yaran da ba su taɓa taka filinka ba. Ranar 4 ga wata aka yi shagali a ofis, matsayinmu a jerin 247Sports da On3, shafukan da ke auna 'yan wasan da kowace jami'a ta ɗauka, ya hau, attajiran da ke zuba kuɗi a asusun magoya baya suna ta bugo waya suna taya murna. Ranar 9 ga wata da safe sunan sentanmu ya bayyana a ƙofar fita. Ko mako bai cika ba wata jami'a a rukuninmu ta ɗauke shi.

Sai lissafi ya fara zuwa. Wanda muka samo ya maye gurbinsa ya ci kusan ninki biyu na abin da namu ya nema, kuma bai san kiran wasanninmu ba, sai da aka fara da shi daga tushe. A watan Afrilu, da aka sake buɗe ƙofar, biyu daga cikin ƙattan da suka shekara uku suna cin abinci tebur ɗaya da shi suka bi sahu. Ɗayansu ya gaya mini a fili cewa ya ga yadda aka yi wa mutumin da bai taɓa fashin atisaye ba, me shi zai jira? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wakilan wasu makarantu sun daɗe suna laɓe a wayoyin yaranmu. Kakar 2025 kwatabak ɗinmu, mai jefa ƙwallo da layin gaba ke karewa, ya sha kayarwa har ya ji rauni a kafaɗa a tsakiyar Oktoba. Shi kuwa yaron mai taurari huɗu, ban ga laifinsa ba ko kaɗan, yaro ne mai ladabi ɗan shekara 18 da ke buƙatar lokaci. Wasa uku ya shiga. Da aka buɗe ƙofa ranar 2 ga Janairun 2026, yana cikin waɗanda suka fara fita.

A taron bitar kaka, gaban babban koci da daraktan wasanni, aka tambayi yadda aka yi muka saki senta. Ogana ya haska takardata ta farko a bango, ya ja layi a ƙarƙashin kalmomina, ya ce shi da alƙaluman sashen ƙididdiga ya yi aiki. Takarda ta biyu bai ambace ta ba. Tana cikin wayata a aljihuna, da ranarta da sa'arta. Ban fito da ita ba. Izinin zamana a ƙasar yana rataye da wannan aikin, kuma na san wanda ke sa hannu a takardun. Har yau idan na tuna shirun da na yi a ɗakin nan, ƙirjina yakan yi nauyi. Kuskuren farko nawa ne, na ɗauka. Amma wanda ya ga gyara ya rufe ido saboda yana son sunansa ya fito a jerin gwanayen farautar yara, sannan ya tsaya a bayan ƙaramin ma'aikaci ranar hisabi, wannan ban yafe masa ba tukuna, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na yafe ba.

Daren ranar na kira mahaifina. Bai san komai game da wannan ƙwallo ba, amma ya shekara talatin yana riƙe yaran shago. Na zayyana masa komai. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Shi wanda ya tafi ɗin, da ya zo wurinka, kuɗi ya fara ambata ko matsayi?" Na ce, "Matsayi, Baba." Ya ce to ai tun a nan ya gaya maka farashinsa, kai ne ba ka ji ba.

Bayan haka na koma na duba manyan makarantu da idon da ban da shi a da. Kowa na maganar dala miliyan 20 da aka ce tawagar Ohio State ta 2024 ta ci, adadin da daraktan wasanninsu Ross Bjork ya faɗa da bakinsa. Mutane sun fi tuna baƙin da suka sayo: Caleb Downs daga Alabama, Quinshon Judkins daga Ole Miss, Will Howard daga Kansas State. Amma ƙashin bayan tawagar 'yan gida ne da suka iya tafiya NFL aka shawo kansu suka ƙara shekara, irin su Jack Sawyer, JT Tuimoloau, Emeka Egbuka, TreVeyon Henderson da Donovan Jackson. Su ne suka doke Notre Dame 34 da 23 a wasan ƙarshe na kofin ƙasa a Atlanta ranar 20 ga Janairun 2025. Shekara guda kafin nan Michigan ta ɗauki kofi ba a doke ta ko sau ɗaya ba a wasa 15, bayan magoya bayanta sun buɗe asusu musamman don Blake Corum da Zak Zinter da Trevor Keegan su ƙara shekara ɗaya. Biyu daga cikin ukun nan 'yan layin gaba ne, irin mutanen da jadawalina ke rainawa.

A ɗaya gefen akwai Texas A&M. Ajin 'yan sakandaren da suka ɗauka a 2022 shi ne na ɗaya a ƙasar, har ana cewa ba a taɓa tara irinsa ba. Kakar ta ƙare da nasara 5, rashin nasara 7, da yawa daga cikin yaran suka watse zuwa wasu makarantu, kuma a Nuwamban 2023 aka sallami babban kocinsu Jimbo Fisher da kuɗin sallama sama da dala miliyan 75. Florida State kuma, wadda ta jingina da kasuwar sauya sheƙa, ta ci wasa 13 a jere a 2023, shekara ta zagayo ta ci 2 ta sha kashi 10.

Ba ina cewa a daina neman 'yan sakandare ba ne. Wanda za ka riƙe gobe, yau kake ɗauko shi, kuma makaranta irin tamu ba ta da aljihun sayen ƙwararru 22 duk shekara, dole ta reni nata. Sentan nan ma ai ta wannan hanyar ya zo, da arha. Abin da na ƙi shi ne tsarin da ake fara raba wa baƙi, sannan a kakkaɓe tukunya a bai wa 'yan gida ƙanzo. Tun da Mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House, ƙarar da 'yan wasan jami'o'i suka shigar kan biyansu kuɗi, ranar 6 ga Yunin 2025, makarantu suka fara biyan 'yan wasa kai tsaye, da iyaka ta kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko ga dukkan wasanni, aka kuma ƙayyade tawagar ƙwallo a mutum 105. Mu ko kusa da iyakar ba mu kai ba, amma tukunyar ta zama ɗaya kuma kowa na ganin gindinta. Duk dalar da ka ɗora a kan yaron da bai iso ba, daga kwanon wani da ke ɗakin sauya kaya ka ɗebo ta, kuma kada ka yaudari kanka cewa ba za su sani ba. Kafin tawada ta bushe sun ji adadin. Farashin baƙo shi ke zama ma'aunin da kowane ɗan gida zai auna kansa da shi.

Shekarata ta ƙarshe na sauya yadda nake aiki, ko da ba a tambaye ni ba. Na goge layin "ana iya maye gurbinsa" daga jadawalin gaba ɗaya. A wurinsa na sa tambayoyi uku: nawa irinsa zai ci a kasuwa, wata nawa sabon zai ɗauka kafin ya iya aikin, kuma su wa za su bi shi idan ya fita. Na ware kason 'yan gida tun Oktoba, kafin zazzaɓin Disamba ya kama kowa. Cikin mutum tara da na ce lallai a zauna da su kafin wasan ƙarshe, takwas suna nan. Ba a ambaci sunana a kan wannan ba a kowane taro, amma kocin 'yan layin gaba ya zo har teburina ya miƙo mini hannu.

Sauran abubuwan da na koya ba su da tsawo. Alƙawarin baki ba alƙawari ba ne a wannan harka. Kwatabak Matthew Sluka ya bar jami'ar UNLV ta Las Vegas a Satumban 2024 bayan wasa uku, duk sun ci, saboda dala 100,000 da wakilinsa ya ce an yi masa alƙawari ba a rubuce ba. Ba kowane ɗan gida ake riƙewa ba, wani idan ya nemi abin da ya wuce ƙima sai ka yi masa fatan alheri, kamar yadda Tennessee ta rabu da kwatabak ɗinta Nico Iamaleava a Afrilun 2025. Mai wankin kaya da mai ɗaure ƙafa sun riga kowane koci sanin wanda zuciyarsa ta fara fita. Kuma idan ka gyara ra'ayinka a rubuce, kada ka tura wa mutum ɗaya shi kaɗai.

Kafin in rufe akwatin saƙon ofis na rubuta wa sentan. Na gaya masa cewa ni ne na rubuta kalmomin da aka yi amfani da su a kansa, kuma ban yi masa adalci ba. Ya gama karatunsa, yanzu yana koyar da 'yan layin gaba a wata sakandare kusa da garinsu. Bayan kwana biyu ya amsa. Ya ce ya daɗe da sanin daga teburin da takardar ta fito, ya kuma san akwai ta biyu, domin kocinsa ya gaya masa tun a lokacin. Sannan ya ce yana da wani yaro ɗan aji uku, gajere ne kaɗan, ba wanda ke kallonsa, ko zan duba bidiyonsa in gaya masa gaskiyar abin da na gani. Jiya da daddare na kalla, sau biyu, ina tsayarwa kafin kowane bugu.