Zamiya da keke da birkin da ya dace da ita

A filin burji da ke bayan unguwarmu na koyi zamiya da keke, wato ka shigo kwana da gudu, tayar baya ta sulale gefe tana watsa ƙura, ta gaba kuma tana riƙe da hanya. Da keken babanmu na fara, baƙin Phoenix mai birkin ƙarfe, wanda sanduna ke jawo robarsa. Keke ne na ɗaukar buhu da jarka. Ko ka matse har yatsu su yi zafi, da kyar tayar baya ke tsayawa, in kuwa gargaren ƙarfen ya jiƙe, robar ba ta kama shi sam.

Da na samu keken gwanjo mara nauyi, sai na gane cewa jiki ne ke yin yawancin aikin. Kafin kwana nakan tashi daga sirdi, in matso da ƙirji kusa da kan keke don nauyi ya bar tayar baya. Fedar waje tana ƙasa, ƙafar ciki a sake, a shirye ta dafa ƙasa. Sai in kwantar da keken, in taɓa birkin baya sau ɗaya, in sake shi nan take. Da baya ya fara gudu gefe, sai in juya kan keke wajen da bayan yake tafiya, idona na kan mafita. Sakin nan shi ne wuyar. Wanda ya riƙe birki, keken zai juye da shi har ya fuskanci inda ya fito. Wanda ya saki a makare, bayan keken ya gama gicciyewa, tayar za ta cafki ƙasa kwatsam ta yi jifa da shi ta ɗaya gefen, kuma wannan faɗuwar ta fi kowacce ciwo. Birkin gaba kuwa ba a taɓa shi a tsakiyar kwana.

A nan akwai tarko ga mai sayen gwanjo. Kekunan Ingila birkin bayansu na hannun hagu ne, na Amurka da yawancin ƙasashen Turai kuma na dama. Duk keken da na ara, sai na matsa kowane hannu a tsaye na ga tayar da ya kama.

Na gwada birkin feda, wanda ake taka baya. Yara na son sa don yana kulle taya cikin sauƙi, amma ba ya barinka ka mayar da feda baya ka gyara tsayuwar ƙafa, kuma yana ɗaukar zafi. A 1976 wasu matasa a yankin Marin na jihar Kaliforniya suka fara tseren gangara dutse da tsofaffin kekuna masu irinsa. Giris ɗin ciki kan ƙone, sai an sake cusa wani, shi ya sa suka kira tseren Repack, wato sake cusawa. Gangara ce ta cinye musu shi, mu da muke kan shimfiɗaɗɗen fili ba mu kai nan ba.

Birkin faifai mai aiki da mai ya fi duka biyayya. Da yatsa ɗaya kake auna ƙarfinsa, kuma faifai mai milimita 160 ya isa a baya. Sai dai yana da tsada da tsirfa. Na kamfanin Shimano mansa daban ne, in aka zuba masa man birkin mota sai robobin ciki su kumbura su lalace, kuma ba kowane mai gyaran keke ne ke da kayan fitar masa da iska ba.

Ni dai ga mai koyo, birkin roba mai dogayen hannaye biyu da waya ke ja nake zaɓa, wanda ake kira V. Yana da araha, kuma kowane mai faci zai gyara shi. Sharaɗinsa gargare ya zama na alminiyam kuma a miƙe, don in ya karkace birkin zai riƙa kamawa yana saki da kansa. Wayar ma ta zama sabuwa, saboda ƙurar hunturu na shiga bututunta ta hana ta komawa da sauri, ka saki hannu robar tana nan manne.

Taya ce ke biyan kuɗin wasan. A kwalta wuri ɗaya take cinyewa har zare ya fito, shi ya sa nake tsayawa kan burji ko jar ƙasa mai ɗan yashi, in sa tsohuwar taya a baya, mai haƙora kuma a gaba.