Inda na kai a nazarin kwanso da irin ciyawar magangarar ruwa

'Yan'uwa masu koyo, ruwan kogi ya ja baya, duwatsun da suka yi watanni a nutse sun fito fili, kuma wannan ne lokacin da aikinmu yake da daɗi. Abin da ke kan duwatsun yanzu busasshen ɓawo ne mai launin ƙasa-ƙasa, da wasu siraran karare a tsaye, kowanne da ɗan ƙulli a kansa. Mai wucewa zai ce gansakuka ce ta mutu. Ba gansakuka ba ce. Tsiro ne mai fure na dangin Podostemaceae, dangi mai nau'i kusan 300 da ba ya rayuwa sai a manne da dutse inda ruwa ke gudu da ƙarfi, galibi a ƙasashe masu zafi. Waɗannan ƙulle-ƙullen su ne 'ya'yansa, wato kwansunan da iri ke ciki, kuma a kansu na tsayar da hankalina a wannan zangon.

Kayan aikina ba su da yawa: gilashin ƙara girma mai ninki 10, allura, farar takarda, ƙananan ambulan, sai ƙaramin madubin duba ƙananan halittu da nake amfani da shi a gida. Ambulan ta takarda nake nufi, ba leda ba, domin danshi kaɗan ya isa ya sa irin ya manne wa juna ya zama dunƙule.

Abin da na fi samun ci gaba a kansa shi ne karanta kwanso. Tsawonsa bai cika wuce milimita 1 zuwa 3 ba, amma akwai bayani a jikinsa fiye da abin da ganye zai ba ka, saboda ganyen wannan dangi yana sauya kama gwargwadon ƙarfin ruwa da zurfinsa, kwanso kuwa yana riƙe siffarsa. Tambaya ta farko da nake yi wa kowane kwanso ita ce: gida nawa yake tsagewa? Idan uku ne, ka doshi ɓangaren su Tristicha. Tristicha trifaria, wadda ta bazu a Afirka da yankunan nahiyar Amurka masu zafi, kwansonta ɓari uku ne, kowane ɓari da layuka uku masu tudu, jimla tara, kuma sau da yawa za ka tarar da busassun ganyayyakin furen guda uku suna rungume da gindinsa. Idan ɓari biyu ne, mai yiwuwa kana cikin babban ɓangaren dangin, Podostemoideae, wanda ya ƙunshi mafi yawan nau'o'in. A nan sai ka duba gindin karan, ko za ka ga ragowar yagaggiyar jakar da ta lulluɓe furen kafin ya buɗe.

Daga nan sai tambaya ta biyu: ɓarin biyu daidai suke, ko ɗaya ya fi ɗaya? A Marathrum da Mourera na nahiyar Amurka girmansu ɗaya. A Podostemum layin tsagewar a karkace yake, ƙaramin ɓarin ya faɗi, babban ya zauna a kan kara. Na ga amfanin sanin wannan ne a kan tsofaffin kwansunan da suka riga suka zubar da iri, domin ko babu komai a ciki, ɓarin da ya rage yana gaya maka wani abu.

Ƙirgen layuka shi ne inda nake so ku yi a hankali. Gefen da ɓari biyu suka haɗu yakan yi kauri, ya yi tudu kamar sauran layukan. Kwanson da kowane ɓarinsa ke da layi uku, wani zai ƙirga shida, wani ya haɗa da mahaɗan biyu ya ce takwas, alhali abu ɗaya suke kallo. Ni yanzu a littafina ina rubuta adadin layukan kowane ɓari daban, mahaɗa daban, kuma ina roƙon mu riƙa yin haka duka domin bayananmu su yi magana da juna. Sannan kada a ƙirga a kan ɗanyen kwanso. Layukan ba sa fitowa sosai sai tsokar waje ta bushe ta motse, ta bar tauraran jijiyoyin ciki a fili. Akwai kuma waɗanda ba su da layi ko ɗaya, kamar Cladopus na Asiya, mai kwanso a mulmule sumul. Saboda haka rashin layi ma amsa ce, amma sai ka tabbatar kwanson ya nuna.

Yanzu ga abin da ya fi burge ni. Na sa allura na buɗe kwanso a kan farar takarda, na tarar da ɗan kumburarren tushe a tsakiya, iri a jere a jikinsa ta kowane gefe. Kowace ƙwaya ba ta kai rabin milimita ba. Na ɗauki kaɗan na zuba a kan gilashi, na ɗiga ruwa, na duba ta madubi. Nan da nan fatar waje ta kumbura, wani yauƙi garai-garai ya kewaye kowace ƙwaya. Na bar gilashin ya bushe, sannan na karkata shi na zuba ruwa a kai, mafi yawan ƙwayoyin ba su motsa ba. Yauƙin ya bushe ya zama gam. Ku gwada wannan da kanku, don ko ba madubi, gilashin hannu yana nuna shi idan haske ya zo daga gefe.

Wannan gwajin ne ya sa na fahimci tsarin rayuwar tsiron gaba ɗaya. Damuwarsa ɗaya ce, kada ruwa ya tafi da zuriyarsa. Irin da ruwa ya kwashe ya kai cikin laka ko yashi ya ɓace ke nan, tunda babu dutsen da zai kama. Shi ya sa tsiron yake girma a ƙarƙashin ruwa duk tsawon damina, ba ya fure sai ruwa ya ja ya bar shi a iska. Furen ya buɗe, kwanso ya nuna cikin ɗan lokaci, iri ya zube a kan dutsen da uwar take, raɓa ko feshin ruwa ya jiƙa shi, rana ta busar, ya manne yana jiran ruwa ya dawo. Masana na ganin yauƙin nan zai iya manna iri a ƙafar tsuntsu, abin da zai taimaka wajen bayyana yadda tsiron ke kaiwa magangarar da ke sama da tasa, ko wani kogin daban.

A cikin ƙwayar babu abincin ajiya irin wanda yawancin tsirrai masu fure ke tanadar wa ɗan tayinsu a kewayensa. A sauran tsirrai masu fure, ƙwayoyin namiji biyu ne ke shiga: ɗaya ta haɗu da ƙwai, ɗayar ta samar da wannan abincin. A wannan dangi haɗuwa ta biyun ba ta faruwa. Ɗan tayin ya cika fatar irin shi kaɗai, matafiyi ne mai ɗan guzuri ƙalilan, dole ya fara nema wa kansa abinci daga hasken rana da zarar ya fito. Ina ganin wannan ne dalilin da ya sa yawa ya zama dabararsu. Kwanso ɗaya kan ɗauki gommai ko ɗaruruwan iri, na Mourera fluviatilis ma yakan haura dubu. A ɗaya gefen kuma akwai Farmeria metzgerioides ta Indiya da Siri Lanka, mai ƙwaya biyu kacal a cikin kwanson da ba ya tsagewa, su tsira a inda suke.

Batun tsirarwa, na kai rabin hanya. Irin da na ajiye a bushe ya tsira bayan na sa shi a faranti mai ruwa kaɗan kusa da haske. Cikin 'yan kwanaki gindin ɗan tsiron ya ɓullo, ya lanƙwasa ƙasa, ya fitar da gashi sirara da suka kama gilashin, sannan kunne biyu suka buɗe. Na nemi saiwar farko irin ta sauran tsirrai ban gan ta ba, kuma haka abin yake a yawancin Podostemoideae: saiwar tana fitowa ne daga baya ta gefen gindin, ta shimfiɗu a kan dutse, koriya, tana aikin ganye. A nan 'yan tsiron da na shuka suka tsaya. Ruwan faranti a kwance yake, ba ya sabunta iskar da suke buƙata, gansakuka kuma ta fara rufe su. Mataki na gaba shi ne in manna iri a kan ɓallin dutse mai kaushi, in bar shi ya bushe, sannan in sa ƙaramin famfo irin na akwatin kifi ya riƙa kwararo ruwa a kai dare da rana.

Roƙona ga duk mai zuwa ɗibar samfuri: ka tsinki karare kaɗan, kada ka kankare dutse. Nau'o'i da dama, musamman cikin Ledermanniella da Inversodicraea na Afirka, kogi ɗaya ko magangara ɗaya aka san su da ita, kuma madatsun ruwa suna hana hawa da saukar ruwan da furensu ya dogara da ita. Irin da ke manne a kan dutsen nan shi ne duk tsiron baɗi. A jikin kowace ambulan ka rubuta wuri, wata, da nisan dutsen daga bakin ruwa a ranar. Wanda ya riga ni gwada dabarar famfon, ina son jin ƙarfin ruwan da ya yi amfani da shi, da yadda ya hana gansakuka cinye 'yan tsiron.