Abin da ke ci wa baduku tuwo a ƙwarya

Dukanci gadona ne, a cikinsa na buɗe ido, kuma da shi nake riƙe da gidana a nan Maradi. A rumfata muna ɗinka takalman maza da na mata, da jakar hannu, da gafakar Alƙur'ani, da kuben wuƙa, muna kuma rufe laya. Duk abin da ya fita daga hannunmu fata ce zalla wadda aka jeme da bagaruwa. In masu sana'a sun zauna hira, kowa ƙarancin jari yake ambata da rashin ciniki. Waɗannan akwai su, amma ba su ne ke hana ni sakewa ba. Ƙananan abubuwa ne ke ɓata mini rai, irin waɗanda mai yin su bai ma san ya yi ba, kuma na kan gaba ita ce wuƙar mai fiɗa.

Fata tun a wurin fiɗa ake gyara ta ko a kashe ta. Rundawan da suka san aiki, in sun yanka akuya sai su ɗan tsaga ƙafar baya, su hura iska har fata ta saki nama, sannan su rataye dabbar su sa dunƙulen hannu suna turawa har fatar ta sauko. Wuƙa ba ta da aiki sai a wuya da ƙafafu. Yaran yanzu kuwa sauri suke yi, sai ka ga yaro yana ta zura wuƙa tsakanin fata da nama don ya gama ya koma kan wata dabbar. Da ma hudawa yake yi da sauƙi, don huji tun a kasuwa ake ganinsa, a rage kuɗi ko a bar musu kayansu. Mugun abin shi ne yankan da ya ci rabin kaurin fata ya tsaya. Da wuya ka gan shi a busasshiyar fata, majemi ma ba kullum yake lura ba. Sai ka saya, ka rina, ka yanka, ka zo jan fuskar takalmi a kan ƙafar icce, kawai ta ɓare maka a tsakiya. Aikin yini guda ya tafi saboda minti ɗaya da wani ya ƙi yin haƙuri.

Ranar babbar salla kuwa ba a magana. Hankalin kowa yana kan nama, da itacen gashi, da tsayar da raguna a kan sanduna kewaye da wuta. Fatar sai a jefar da ita bayan zaure a kan rairayi mai zafi, ta yini a nan har la'asar. Fatar da ta sha irin wannan rana ta riga ta dahu, in ta shiga ruwan jima saɓulewa take yi. Gishirin dala ashirin, wato sefa ɗari, ya isa ya cece ta, ko kuma a rataye ta a igiya cikin inuwa, ɓangaren nama yana shan iska. Tunda mai layya ba ya sayar da fatarsa, sadaka yake yi da ita, ai kamata ya yi ya ba da sadakar da za ta amfani wanda aka ba.

Abin da ya sa nake jin zafin wannan har raina, Allah ya ba mu abin da bai ba kowa ba. Jar akuyar Maradi, wadda ƴan'uwanmu na ƙasar Sakkwato ma suke kiwo, fatarta ba ta da kauri amma tana da ƙwari, fuskarta lumui, tana shan rini yadda kake so. Tun zamanin fatake ake ɗora jemammun fatun ƙasar Hausa a kan raƙuma a ƙetare Sahara da su zuwa Tarabulus, daga can su shiga Turai, inda ake yin bangon littattafai da safar hannu da su. Don wannan akuya aka buɗe cibiyar kiwon awaki a Maradi a 1963, saboda kada irin ya gauraye ya ɓace. Masana'antar jima ta SONITAN ma a garin nan take kafin a rufe ta. Yau fatu da yawa ɗanyu suke fita ta Ɗan Isa da Jibiya su nufi Kano, masu kyan su tafi, mu kuma mu yi ta tona cikin ragowa. Fatar shanu da muke yin ƙirgin tafin takalmi da ita, ita ma sai mun yi takara da masu sayen ganda, don su ba ruwansu da yanka ko huji, tukunya za ta shiga.

Mahaifina, Allah ya jiƙan shi, a wajen unguwar Bagalam yake zama da aikinsa, shi kuma ya karɓa daga kakana, wanda ya ga ambaliyar 1945 da ta sa aka taso da gari daga bakin gulbi zuwa tudu. Na daɗe a gabansa ba a ba ni basilla ba. Aikina wasa wuƙa, da share tarkacen fata, da yanka siraran igiyoyin da ake yin ado da su. Sai igiya ta fita da faɗi ɗaya daga kai har gindi kafin ya karɓa, in ta yi ciki a tsakiya ya ajiye ta gefe bai ce komai ba, ya miƙo wata fatar. Da na nuna ina ɗokin ɗinki sai ya ce, "Ɗana, kafin ka huda fata, je ka ga inda take kwana." Ya haɗa ni da wani amininsa majemi.

A majema na san abin da nake taƙama da shi yau. Ana jiƙa fata ta yi laushi, a sa ta cikin ruwan toka har gashi ya saki, a ɗora ta a kan gungumen icce a kankare da wuƙa mai mariƙi biyu. Daga nan a tsoma ta cikin ruwan kashin kaji ko na tattabara, wasu kuma ganyen fataka suke dakawa, don zafin toka ya fita jikinta ya saki. Warin wurin kuwa sai mai zuciya. Bayan an wanke sai a daka ƴaƴan bagaruwa a jiƙa, fata ta zauna a ciki ana juyawa ana murzawa ana sabunta ruwa, har bagaruwa ta ratsa ta ciki da waje. Sannan a shafa mata man gyaɗa, a ja ta, a buga ta, ta yi taushi. Ja da karan dafi ake rina shi, baƙi da kuloko, wato ruwan da aka jiƙa ƙarfe a ciki, rawaya kuma da gangamau. Jan karan dafi ba ya ihu irin na garin rinin kanti, yana da zurfi, kuma ƙara kyau yake in ya tsufa. Har yau in na ga gafakar da Baba ya ɗinka a hannun wani malami, daga launin kawai nake gane ta.

Tsohon majemin nan, aminin Baba, shi ne ya nuna mini yadda ake kama majemi mai gaggawa. Ka ɗan yanki gefen fata ka dubi bakin yankan. In launin bagaruwa ya ratsa gaba ɗaya, an gama. In akwai farin zare a tsakiya, ɗanya ce, an tsamo ta lokaci bai yi ba, kuma ranar da ta sha ruwa za ta ƙage ta yi tauri. Da wannan nake ta fama da wasu masu kawo mini kaya. Mutum ya karɓi kafin alƙalami, ya ce Litinin ranar kasuwa, Litinin ta wuce Juma'a ta wuce, sai ya iso da fatu rabin jima ya ce sanyi ne ya hana. Ni dai mayarwa nake yi, ko da kuwa rumfa za ta yini ba aiki.

Sai masu saye. Ciniki ba laifi ba ne, Maradi garin kasuwanci ne, wanda bai iya taya ba ma kallon baƙo ake yi masa. Ka taya in ce albarka, ka ƙara in rage, mu rabu da fara'a. Abin da ba na so shi ne wanda zai ɗauki takalmi ya lanƙwasa shi biyu da ƙarfinsa duka, ya murɗa, ya sa farce ya karci fuskar, sannan ya tambaya.

"Malam, wanga nawa?"

"Jika goma sha biyu, Alhaji."

"Haba dai! Irinsa na gani yanzun nan a babbar kasuwa jika uku."

Ba irinsa ya gani ba, mai kama da shi ya gani. Fuskar leda ce aka buga mata zanen fata, tafin kwali ne aka lulluɓe da roba, gam kawai ke riƙe da shi, ɗinkin da ke gefe ma ado ne, bai kama komai ba. Wasu har salon adonmu suke kwaikwaya, su saye ɗaya su kwance su ga yadda aka yanka. Ko da ido ba ya rarrabewa, hanci yana yi, don ƙamshin bagaruwa daban yake da warin roba. Ka kuma dubi bakin yanka: fata tana da ƴan zaruruwa na jikinta, leda kuwa yadi ne a bayanta. Ni tafin takalmina ƙirgi ne hawa biyu, na buga shi da guduma har ya haɗe, na tsaga masa hanya na binne zaren a ciki don kada ƙasa ta ci shi. Kowane huji da basilla na yi shi, zaren kuma na shafe shi da kakin zuma. Araha ba ta ado, kuma ban hana kowa sayen abin da aljihunsa ya iya ba, na san halin da ake ciki. Roƙona kawai a daina ce mini ɗaya ne.

Ƙarin takaicin, in ruwan farko na damina ya sauka kwalin ya kumbura, wurina ake kawo shi. "Ɗan ɗinki ne kawai, ka taimaka ina tsaye." Leda ba ta riƙe zare, kana hudawa tana yagewa. In na ce ba zai yiwu ba, sai a ce baduku ya faye girman kai.

Awo ma wani abu ne. Da can kara ake karyawa daidai tsawon ƙafa a aiko yaro da shi, yanzu kuma hoto ake turowa ta WhatsApp, ƙafa a kan tabarma an ɗauka daga sama, a ce in duba in ɗinka. Ƙafa ba tsawo kaɗai ba ce, akwai faɗi, akwai tudun bayanta, kuma da wuya ka samu mutumin da ƙafafunsa biyu suka zo daidai. Ni da yamma nake son awo, lokacin da ƙafa ta sha tafiya ta ɗan kumbura, mutum yana tsaye a kan takarda, in zana duka biyun. Hajiyoyin da ba sa fita, ɗiyata nake aikawa ta auno, na koya mata kuma hannunta ya faɗa. Masu aiko oda daga Tasawa ko Dakoro ko Madarumfa, su taka takarda a zana musu da biro a tsaye, a ba direba ya kawo.

In takalmi ya bar rumfa kuma sai wani ciwon ya fara. Ka ga mutum ya take dunduniyar rufaffen takalmi yana jan sa, wai don saurin cirewa a ƙofar masallaci, alhali wurin nan ne na fi ɓata lokaci ina gyara tsayuwarsa. Wani ya yi alwala a kansa kullum sau biyar, ya jefa shi rana. Wata ta jiƙa jaka cikin garin sabulu ta dirje da buroshi. Mai hawa kabu-kabu ya jingina ƙafa da salansa, gefe ya ƙone, ya dawo ya ce fatar ba ta da kyau. Fata ba ta son abu mai yawa. A goge ƙura da tsumma, in ta jiƙe a bar ta ta bushe a inuwa, lokacin hunturu a ɗan shafa mata man kaɗanya don kada iska ta fasa ta. Wanda ya yi haka, tafi kawai zan riƙa sauya masa, fuskar tana nan shekara da shekaru.

Waɗanda ba su taɓa ba ni wannan wahala ba su ne ƴan kokowa. Tun da ɗan kokowa Kantu ya kawo wa Maradi takobin farko na gasar kokowa ta ƙasa a 1975, garin nan bai rabu da kokowa ba, kuma ɗan kokowa ya san abin da yake nema a wurin baduku. Layar da za ta sha gumi da ƙasa da jan abokin karo, in ɗinkinta ya kwance a fili kunya ce gare shi da ni. Sukan zo da ubangidansu su zauna, su ga fatar da na zaɓa, in ɗaga ta a haske in nuna musu babu sawun wuƙa ko ɗaya a cikinta. Samun irin wannan fatar ne yake ƙara wuya, shi ya sa duk barunden da na ga yana fiɗa da hannu nake riƙe shi, ina ƙara masa a kan abin da kasuwa ta ba shi, in ce ya ajiye mini.

Game da takalman salla, tsakiyar azumi nake rufe karɓar aiki, na layya kuma da ganin watan. Kowace shekara sai an samu wanda zai zo ranar jajibiri bayan isha'i, ya ce in rufa masa asiri da safe yake so, har ya ce zai ninka kuɗi. Fuskar takalmi jiƙa ta ake yi a ja ta a kan ƙafar icce, kuma sai ta kwana ta bushe a nan kafin ta riƙe siffa. In an cire ta da danshi, kafin a sauko daga idi ta buɗe baki. Don haka wanda ya makara sai ya zaɓa cikin waɗanda ke rataye, in an dace da awonsa, in ba a dace ba kuma in auna shi, ya dawo bayan salla.