Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Man kaza a Akara

Makon jiya na tsaya a inda saƙon gayyata ya shigo wayata ina shagon Yaya Habu. Na ce yau sai labarin tafiya, amma dole in fara da Baffa.

Da na same shi a zaure bayan la'asar na gaya masa an ɗauke ni cikin matasan da za su je Akara horon shugabanci na YALI, shirin da Obama ya ƙirƙiro a 2010, ko ɗago kai daga carbinsa bai yi ba. Ya ce, "Yaro man kaza ne, in ya ji rana sai ya narke. Je ka ga gari, ka dawo ka kama sana'ar ubanka." Na ce, "Allah ya ƙara wa Baffa lafiya," na tashi. Inna ce ta sayar da tunkiyarta aka yi mini fasfo, kuma har yau ban biya ta ba.

A 2016 ke nan. Cibiyar tana cikin makarantar GIMPA, an tara mu daga Najeriya da Laberiya da Saliyo da Togo da sauransu. Darussan aji yawanci sun bi ruwa, ban da na yadda ake karanta kasafin kuɗi. Wanda ba na mantawa shi ne abokin ɗakina, ɗan Gambiya. Ko mu biyu ne kaɗai ba ya ambaton sunan Jammeh, shugaban ƙasarsu na lokacin, sai ya leƙa ƙofa. Ni da nake zagin gwamna a majalisar mai shayi ba abin da ya same ni, sai na ji kunyar kaina.

Makarantata ta gaskiya Nima ce, wata unguwa a Akara. Ranar wata Juma'a na hau tirotiro, ƙaramar motar hayarsu, na je can, sai ga ni cikin Hausa tsundum, irin tasu ta Zango, ga koko da ƙosai, ga shinkafa da wake da suke kira wace. Bayan salla aka nuna mini wakilin unguwa a majalisar gunduma, kansila ke nan a wurinmu. Bai girme ni sosai ba. Tsaye yake bakin kwata, wata dattijuwa tana zazzage shi a kan shara, yana ta "Hajiya, ki yi haƙuri, na ji." Na tambaye shi jam'iyyarsa, NDC mai lema ko NPP mai giwa. Ya yi dariya ya ce a zaɓen wakilan gunduma doka ta hana tsayawa da sunan jam'iyya, hotonka ne a takardar ƙuri'a, maƙwabtanka ne alƙalai. Bai ɓoye mini ba cewa shugaban gundumar kuwa shugaban ƙasa ne ke naɗa shi, don haka su ma da sauran aiki. Amma dai ba wanda ya ce masa ya jira lokacinsa.

Wannan kalmar ta jira, ni na san ta. Bari in tsallaka gaba kaɗan tunda ta zo baki. A ƙarshen watan Mayun 2018 Buhari ya sa hannu a dokar rage shekarun takara, majalisar jiha da ta wakilai suka sauko daga 30 zuwa 25. Na zaci da mu ake. Da zaɓen ƙananan hukumomi ya matso na nemi kansilan mazaɓarmu, matasan da muka yi shekara biyu muna bin mutane gida gida su karɓi katin zaɓe suka haɗa mini kuɗin fom. Dare ɗaya aka kira ni wai an yi maslaha, in janye wa "yayana". Dattawa biyar ne a ɗakin, Baffa na huɗu. Bai ce man kaza ba a ranar, kallona kawai ya yi, na ji ta a kunnena.

To, mu koma Disambar 2016. Ina gida aka ce Adama Barrow ya kayar da Jammeh bayan shekara 22. Abokina ya turo mini murya yana kuka, yana kiran sunan mutumin da ƙarfi har sau uku. Kwana shida bayan zaɓensu Gana ta yi nata, Shugaba Mahama ya sha kaye a hannun Akufo-Addo, ya kira ya taya shi murna kamar yadda Jonathan ya yi a 2015. Na ɗauki rediyo na nufi zaure da ƙafafuna. A daren ranar nan Jammeh, wanda da farko ya amince da kayen da ya sha, ya ce ya fasa amincewa. Baffa ya aiko yaro musamman a kira ni, ya ce, "Ɗan Akara, ina labarin?"

A watan Janairu, da sojojin ECOWAS suka matsa, Jammeh ya hau jirgi ya bar ƙasar. Ban aika a kira Baffa ba, tarbiyya ta hana. Na dai ƙure muryar rediyon a tsakar gida, inda na tabbatar yana ji daga zaure.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi abin da na yi da kuɗin fom ɗin nan, don na san akwai masu cewa na cinye.