Talata: agogon bogi da rumbun bogi a OCaml

Wunin yau gaba ɗaya a kan abu guda ya tafi: gwada ɓangaren manhajarmu da ke tantance ko izinin shigar mai amfani ya ƙare ko da saura. Da yaren rubuta manhaja na OCaml aka rubuta shi, kuma kai tsaye yake tambayar agogon kwamfuta ta Unix.gettimeofday, sannan ya leƙa rumbun bayanai na gaske. Ke nan duk mai son ganin abin da zai faru bayan minti 30, sai ya zauna ya jira minti 30 ɗin.

Mafita ita ce a sa agogo da rumbu na bogi a madadin na gaske yayin gwaji. A yaren Python mutum yakan musanya fankshan, wato guntun shiri mai yin aiki guda, ana tsaka da gudanar da shiri. OCaml bai ba da wannan ƙofa ba, domin kwamfaila, mai fassara abin da aka rubuta zuwa shirin da kwamfuta ke gudanarwa, ya riga ya ɗaure kowane suna da inda ya fito tun wajen haɗa shirin. Ɗaya daga cikin ƙofofin da ya bari ita ce fankta, wato modul (ƙunshin fankshan masu alaƙa) da ake miƙa masa wani modul ya yi aiki da shi. Tsarin ba na yau ba ne. David MacQueen ya zana shi ga yaren Standard ML a shekarun 1980, OCaml kuma, wanda ya fito daga cibiyar INRIA ta Faransa a 1996, ya gina nasa a kan wannan tubali.

Da safe na rubuta yarjejeniya biyu, wato jerin abin da dole modul ya samar. Ta AGOGO abu ɗaya ta nema, fankshan mai dawo da lokacin yanzu. Ta RUMBU kuwa nema da ajiyewa. Na mayar da modul ɗin izini fankta mai karɓar su biyun. A wajen gwaji agogon bogi lamba ce kawai a cikin ref, wato ma'ajin da ake iya sauya abin da ke cikinsa, in tura ta gaba yadda na ga dama, rumbun bogi kuma Hashtbl ne, wato teburin OCaml mai ajiye kowane bayani a ƙarƙashin maɓallinsa. Gwajin da dā sai an jira shi yanzu kan ka ƙifta ido Alcotest, kayan gudanar da gwaji, ya gama shi, kuma wallahi na ji daɗin hakan sosai.

Na ɗan duba tsarin virtual library da dune, kayan haɗa shirye-shiryen OCaml, ya kawo a 2019, wanda ke bari a zaɓi ainihin modul a lokacin haɗa shiri. Yana rage wahala, amma zaɓi ɗaya kawai yake bai wa kowane shiri, ni kuma ina buƙatar na bogi iri-iri a gwaji guda. Na bar shi.

Bayan azahar abokin aikina ya karanta aikin, ya ce: "Malam, me ya tabbatar maka rumbun bogin nan halinsu ɗaya da na gasken?" Tambayar ta kama. Kwamfaila siffar fankshan kawai yake dubawa, me ya shiga, me ya fita. Bai san cewa rumbun gaske yana ƙin ajiye maɓalli ɗaya sau biyu ba, alhali Hashtbl.add zai karɓa ya rufe tsohon da sabon ba tare da ya ce uffan ba. Irin wannan saɓani ne ke sa gwaji ya wuce lafiya, manhaja ta faɗi a hannun jama'a, kuma shi ne abin da ya fi damuna a harkar na bogi baki ɗaya. José Valim, mai yaren Elixir, ya yi rubutu a 2015 yana cewa a fara kafa yarjejeniya bayyananniya kafin a ƙera na bogi. Na yarda da shi, sai dai ni a ganina yarjejeniyar ma tana buƙatar nata gwajin.

Saboda haka muka mayar da gwajin kansa fankta. Jerin sharuɗɗa ne da kowane rumbu zai cika, mu miƙa masa na bogi, mu miƙa masa na gaske. Inda suka saɓa, na bogin ake gyarawa. Muka ƙara wani rumbun da aikinsa kawai ya ƙi amsawa, don mu ga abin da manhajar za ta yi idan sadarwa ta katse.

Can da yamma na lura cewa ainihin hukuncin, ya ƙare ko bai ƙare ba, ba ya buƙatar agogo ko kaɗan. A ba shi lokaci a matsayin lamba, ya ba da amsa. Na ciro shi ya zama fankshan mai zaman kansa, aka bar wa fanktan karanta agogo da zuwa rumbu kaɗai. Gobe in Allah ya kai mu zan yi wa ɓangaren aika imel irin wannan aikin.