Abin da ruwan rijiya ya koya mini game da damina

A karatun ilimin ruwa, abu na farko da ake ɗora wa ɗalibi shi ne jimillar shekara: milimita nawa aka samu bana, nawa aka samu bara. Hukumomi na son wannan adadi domin yana shiga rahoto ba tare da dogon bayani ba. Sai da na fara aiki da bayanan rijiyoyi na ga cewa kaɗan yake faɗa game da abin da ke isa ƙarƙashin ƙasa. Shekaru biyu kan samu ruwa daidai da juna, ɗaya ta ɗaga ruwan rijiyoyi, ɗayar ta wuce kamar ba a yi damina ba.

Bambancin yana ga yadda ruwan ya sauka. Yayyafi yakan jiƙa saman ƙasa ne kawai, kafin ya nutsa rana ta ƙafar da wani, saiwoyi sun zuƙe saura. A yankuna masu zafi da ƙarancin ruwa, sai an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ko an jera mamako har ƙasa ta ƙoshi, sannan ragowar ke zarcewa can ƙasa. Rijiyoyin Makutapora da ke shayar da Dodoma a Tanzaniya sun nuna haka ƙarara. Tun daga 1955 ake da bayanan matakin ruwansu, kuma abin da ya fito shi ne shekaru da dama kan shuɗe ba wani ƙari, sai damina mai ƙarfi irin ta 1997 zuwa 1998, lokacin El Nino (ɗumamar ruwan tekun Pasifik da ke sauya yanayin damina a sassan duniya), ta zo ta cike giɓin a tashi ɗaya.

Wanda ya ƙara tabbatar mini da wannan shi ne awon isotof, wato nau'o'in sinadari ɗaya da suka bambanta a nauyi. Ruwa duk ruwa ne a ido, amma a cikinsa akwai 'yan ƙwayoyi masu ɗauke da oksijin-18 ko haidirojin mai nauyi, kuma waɗannan sun fi jinkirin tashi tururi, sun fi saurin faɗowa daga girgije. Saboda haka kowane ruwan sama na zuwa da tambarinsa. A 1961 masanin kimiyya Harmon Craig ya nuna cewa ruwan sama na duniya yana bin layi guda a kan jadawali idan aka auna nau'o'in biyu aka zana sakamakon, a 1964 kuma wani masanin, Willi Dansgaard, ya bayyana cewa a ƙasashe masu zafi, watannin da ruwa ya fi yawa su ne ruwansu ya fi ƙarancin ƙwayoyin masu nauyi. To, idan aka ɗebo ruwan rijiya a irin waɗannan wurare, sau da yawa tambarinsa ya fi kama da na manyan ruwaye fiye da na matsakaicin shekara. Ruwan da ya daɗe kwance a tafki yana shan rana shi ma ba ya ɓuya, domin yakan kauce daga layin Craig. Har yau abin na burge ni: ƙaramar kwalba ta faɗa maka irin ruwan saman da ya haifi rijiya.

Sai kuma batun ƙasar da ruwan ke faɗa wa, wanda ya fi rikita lissafi. A kudu maso yammacin Nijar, kewayen Yamai, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya tashi da kusan mita 4 tsakanin 1963 da 2007, alhali a cikin waɗannan shekaru ne aka yi mummunan farin Sahel na shekarun 1970 da 1980. Dalili shi ne sare daji domin noma. Ƙasa ta yi ɓawo, ruwa ya daina nitsewa inda ya sauka, ya riƙa gangarawa cikin kwari da tafkuna, daga can yake tsiyaya ƙasa. Kada wani ya ɗauki wannan a matsayin yabon sare itatuwa. Zaizayar ƙasar da ta biyo baya asara ce babba. Abin lura dai shi ne ruwan sama ya ragu, na ƙasa ya ƙaru, kuma mai kallon ma'aunin ruwan sama kaɗai ba zai taɓa hango haka ba.

Tambayar da na saba yi yanzu kafin komai ita ce shekarun ruwan. Gwaje-gwajen bam na nukiliya sun cika sararin samaniya da tiritiyam, wani nau'in haidirojin mai nauyi da ke gushewa a hankali, wanda ya kai ƙololuwa a 1963, kuma rabinsa ke gushewa duk bayan shekara 12 da 'yan watanni. Samunsa a rijiya alama ce cewa ruwan zamaninmu na shiga. Idan babu shi, sai a koma ga kabon-14, wani nau'in kabon da shi kuma rabinsa ke gushewa duk bayan shekara 5,730. Babban rumbun ruwan Nubiya da ke ƙarƙashin Masar, Libiya, Sudan da Chadi ya taru ne a zamunan da Sahara ke da damshi, wani sashensa ya kai shekaru dubu ɗaruruwa. Burtsatsen da ke zuƙo irin wannan ruwa ba ruwansa da fari ko ambaliyar bana, abin da aka ɗiba kuma kusan ba ya dawowa. Wannan ya kamata mai tsara aikin ban ruwa ya sani tun kafin a haƙa.

Inda nake taka-tsantsan shi ne fassara. Samfuri ɗaya na ruwan sama ba hujja ba ne, domin tambarin kan sauya daga hadari zuwa hadari, ya danganta da tekun da tururin ya taso da nisan da girgijen ya yi. Dole a kwatanta da awo na shekaru masu yawa, irin wanda Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya da Hukumar Yanayi ta Duniya ke tarawa wata-wata tun farkon shekarun 1960. Tashoshin wannan awo a Afirka ba su da yawa, wasu ma sun yi shekaru a tsaye, don haka duk inda na samu mai ɗibar ruwan sama a kai a kai yana rubuta kwanan wata, nakan lallaɓa shi ya ci gaba.